Fari ne ya cinye dajin Adar, ko gatari?

Tambaya: Daga Tawa nake. Dattawanmu suna cewa da can dajin Adar cike yake da barewa, jimina da ciyawar gamba, fari ne ya kore su. Wasu kuma suna cewa sare itace ne ya kori ruwan. Wanne ya jawo wanne?

Amsa: Malam, kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Farin 1973 da na 1984 ba gatarin Adar ya haddasa su ba. Babban tushensu sauyin ɗumin ruwan teku ne, wanda ke juya iskar damina. Amma da hatsi ya ƙi, mutane sun faɗa wa daji da sara, suna kai itace kasuwa, dabbobi kuma suka cinye tsiron da ya rage. Ƙasar da ta tsiraice ba ta shan ruwa. Sai ta yi fako, ruwa ya bi ta kanta da gudu ya haƙa kwazazzabo.

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, sai dai da wata siffa: zubowa mai ƙarfi a lokaci guda, sannan tsaiko mai tsawo ana cikin damina, ga zafi ya ƙaru. Irin wannan yanayi yana zaɓen wanda zai rayu. Sabara, aduwa da anza suna jurewa. Gamba, mai saiwa da ke shekara a ƙasa, ta ja baya, garmani ya mamaye makiyaya, ciyawar da shanu ba su damu da ita ba. Daga nesa za ka ga kore shar, sai ka matsa ka tarar iri biyu ne ko uku. Yashin da ruwa ke kwasowa kuma yana cike tabkuna irin na Tabalak da Ɗan Dutsi, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin sanyi.

Su ma itatuwan suna rage mana kaifin yanayi. Dubi gawo: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tsare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa, 'ya'yansa su ciyar da tumaki. Manoman da suka koma barin sassabe yana tofowa, musamman a Maraɗi da Damagaram, sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. A nan jiharku akwai aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, da tassa da rabin-wata, wato ramukan da ake haƙawa don su tare ruwan sama, a gonakin Illela da Badagishiri.

Batun namun daji kuwa, a ganina bindiga da faɗaɗa gonaki sun fi fari laifi. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka tsare su daga mafarauta sun haura 600, har aka kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a 2018.