Kada ka taɓa tsohuwar sai mai ita ya ga kayansa

Ɗana, ka ce in fahimtar da kai abin da ya sa malamin makarantar nan ya dawo mana da sabuwar kwamfutarsa yana faɗa, wai gara masa tsohuwar, alhali ka kwashe masa dosiyen Documents kaf ka zuba a cikin sabuwar. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa na hana ka wanke diskin tsohuwar, tunda shi da bakinsa ya ce ƙanensa zai ba ita. To, jawo kujera.

Mu fara da fushinsa, domin mutumin yana da gaskiya, kuma ba na so ka riƙa ganin irinsa a matsayin masu rigima. Ya daɗe yana tara kuɗi, ya sayi na'ura a kwali, ya kai gida da murna. Yana kunnawa Windows 11 ta ce sai ya jona intanet, sai ya shiga asusun Microsoft, kafin ta bar shi ya yi komai. Ya jona da wayarsa, sabuntawa ta cinye masa forfe, wato kuɗin intanet ɗin da ya saya. Ya zo rubutu, ya danna A sai Q ta fito, saboda na'urar irin wadda ake shigowa da ita ta Kano ko Dubai ce, allon haruffanta QWERTY, tsarin cikinta kuma an sa shi a Faransanci, shi kuwa yatsunsa da AZERTY suka saba tun yana ɗalibi. Word na neman kuɗin rajista. Injin buga takardunsa ya ƙi magana da ita. Bayan duk wannan ya nemi takardun jarrabawar ɗalibansa bai gan su ba. Wa zai yi dariya?

Kuma ka shirya, irinsa za su yi ta zuwa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato processeur, wadda ba ta tsufa sosai ba. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke gidajen Yamai ba su cika wannan sharaɗi ba. Saboda haka kwashe kaya daga wannan na'ura zuwa waccan zai zama babban aikin shagon nan, kuma ina so ka iya shi fiye da kowa.

Abin da ya ɓace maka shi ne, kayan mutum ba a Documents kaɗai suke zaune ba. Mutanenmu a fuskar allo suke ajiya, wato Bureau, domin nan ido yake gani. Abin da aka aiko musu yana nan a Téléchargements, shekara da shekaru bai motsa ba. Wasu an raba musu diski biyu tun ranar da aka saya, kayan duk suna ɓangaren D su ba su ma sani ba. Na sha ganin wanda ke ajiye takardu a cikin kwandon shara da gangan, yana cewa nan yara ba sa shiga. Sannan akwai dosiyen AppData, wanda Windows ke ɓoyewa sai ka ce ta nuna ɓoyayyun fayiloli. A can wasiƙun Thunderbird suke, a can tsohon Outlook ke ajiye nasa, a can kuma Chrome da Firefox ke riƙe adireshin shafukan da mutum ya saba shiga. Kalmomin sirri kuwa, kwafe dosiyen Chrome ba zai kawo su ba, domin a ɗaure suke da asusun tsohuwar na'ura. Sai dai mai su ya zauna ya fitar da su da hannunsa daga cikin manhajar tun tsohuwar na aiki. Mutum nawa ka sani da zai iya faɗa maka kalmar sirrin Facebook ɗinsa da ka? Na'ura ce ke tuna masa, kuma ranar da ka wanke ta, ka rufe shi a waje.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu rubuta harsunan gida, kuma ina zargin shi ne ya fi ƙona ran malamin. Kafin tsarin Unicode ya bazu, masu rubuta Hausa da Fillanci sukan sa wa kwamfuta wani salon haruffa na musamman domin samun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A irin wannan salo, an ɗauki gurbin wata alama ce aka zana harafi mai lanƙwasa a kai. Muddin salon na cikin na'ura, rubutu lafiya lau. Ka kai takardar wata na'urar da ba ta da shi, sai ka ga duk inda ƙ take wata baƙuwar alama ta tsaya a wurin. Mai takarda zai rantse ka lalata masa aikin shekaru, alhali ko ɗigo bai ɓata ba. Maganin yana cikin dosiyen Fonts da ke ƙarƙashin Windows a tsohuwar na'ura. Ka kwafo salon, ka sa a sabuwar, rubutu ya dawo daidai. In ka riga ka wanke diskin, ina za ka samo salon da wani ya ba shi a faifai shekara goma sha da suka wuce? Duk malamin makaranta, ko mai fassara, ko mai buga katin biki da ya kawo maka aiki, ka leƙa wannan dosiye tun bai tambaya ba.

Manhajoji su ba a kwafe su. Kamar ƙaura ce: tufafi da tukwane suna bin ka sabon gida, amma wayoyin lantarki da bututun famfo a jikin bango suke, sai an sake ja. Manhaja idan aka girka ta, takan baza sassanta wurare da yawa, ta rubuta kanta a rajistar Windows. Ka ɗauko dosiyenta kaɗai, ba za ta tashi ba. Sai an sake girkawa, da lambar lasisinta in tana da ita. Mai shago da ke lissafin haja da wata manhaja, ka nemo inda take ajiye bayananta, ka yi amfani da hanyar adanawa da ke cikinta. Wannan a gabansa za ka yi.

Shi ya sa aikin da hira yake farawa. Ka zaunar da mai na'ura gaban tsohuwar, ka ce: Malam, nuna mini abin da kake buɗewa kullum. Ka bar shi ya danna da kansa, kai kana rubutawa a takarda. Ka buɗe Word ka duba jerin takardun da ya buɗe kwanan nan, zai nuna maka inda kowace take kwance.

Sai hanyar ɗauka. Kada ka soma cewa za ka tura ta intanet. OneDrive giga 5 take bayarwa kyauta, Google Drive giga 15, kuma hotunan iyali ɗaya sun fi haka, ga forfen da zai tafi wajen hawa, ga na sauka. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi ya rage masa kyau, sai in an tura shi a matsayin takarda. Diskin waje shi ne abokin aikinka. In tsohuwar ba ta tashi ko tana jan jiki, ka ciro diskinta ka sa masa wayar da ke mai da SATA zuwa USB, ka karanta shi kai tsaye. Ka nemi ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. USB 2 da kyar yake wuce mega 30 a daƙiƙa, wato giga 100 zai ci maka kusan awa ɗaya in manyan fayiloli ne, in kuwa ƙanana ne dubbai, ka manta da agogo.

Kile, wato ɗan ƙaramin ma'ajin USB, yana da nasa sharrin. Da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Za ka ga wuri fal, amma bidiyon ɗaurin aure ya ƙi shiga. Ka mai da shi exFAT tun babu komai a ciki, wannan Windows na karantawa da rubutawa, Mac ma haka. NTFS kuwa Mac na iya karanta shi amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Ga kuma kile na jabu, wanda aka rubuta masa babban adadi a jiki, ciki kuwa ɗan kaɗan ne. Shi ne mafi muni, domin yana nuna maka sunayen fayiloli cif, sai an zo buɗewa a tarar da wofi. Duk sabon kile ka gwada shi da manhajar gwaji ta H2testw kafin ka damƙa masa kayan mutane. Amma diskin tera 1 da ya nuna giga 931 ba jabu ba ne, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ka bayyana wa mai shi kada ya je ya yi faɗa a kasuwa.

Ƙwayar cutar nan da ke mai da dosiye gajerar hanya ka san ta, kilen da ya bi ta shagunan buga takardu da wuya ya fito ba ita. Ɓoye kaya take yi, ba ta goge su. Ka bincike tsohuwar na'ura kafin ka kwashe, don kada sabuwar ta fara rayuwa da ciwon da aka kawo mata.

Yanzu ka saurara da kyau. Kwafi za ka yi, kada ka yanka. Yanka yana goge fayil daga tushe yayin da yake kai shi can. A garin nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, musamman a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ta ɗauke a tsakiyar aiki za ka tarar da rabi nan rabi can, ba ka san wanne ya isa lafiya ba. Kwamfutar tebur ka jona ta da na'urar riƙe wuta, ta hannu ka tabbatar batirinta na riƙewa. In ka ji tsohon diski yana ƙas-ƙas, kada ka tsaya binciken gyaransa. Ka fara kwashe abin da ba a iya sake samu, takardu da hotuna, finafinai su zo ƙarshe in ya kai.

Gama kwafi ba gama aiki ba ne. Ka duba bayanan dosiye a nan da can, yawan fayiloli ya zo ɗaya, nauyi ya zo ɗaya. In an sami giɓi, sau da yawa dogon suna ne. Windows ta daɗe tana tuntuɓe da hanyar fayil da ta wuce haruffa 260, mu kuma mun iya sa dosiye cikin dosiye da suna kamar jimla. Robocopy, umarnin kwafi wanda ke cikin Windows ɗin kanta, yana wuce wannan shinge, yana kuma rubuta maka abin da ya tsallake. Ka koye shi. Bayan haka ka buɗe takardu da hotuna nan da can ka ga suna buɗuwa.

Abu biyu a sabuwar na'ura da ba na so ka sallami kowa ba ka duba su ba. Na farko, Windows 11 takan kulle diski da BitLocker da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai na'ura bai ma sani ba. Makullin ceto lambobi 48 ne, yana ajiye a asusun. Ranar da na'urar ta lalace aka ciro diskin, in babu lambobin nan, ni da kai da duk masu gyaran kasuwar Katako ba mai iya buɗe shi. Ka sa ya rubuta su a takarda ya adana tare da takardun gidansa. Haka ma kafin ka ciro tsohon diski ka duba ko shi ma a kulle yake. Na biyu, OneDrive yakan janye Bureau da Documents da Images zuwa cikinsa, giga 5 ta cika, jajayen alamu su fito, forfe ya yi ta tafiya. Ka tambayi mai na'ura ko yana so. In ba ya so, ka tsayar da shi a hankali, ka tabbatar fayilolin sun sauko cikin diski tukuna.

To ka ga dalilin hana ka wanke tsohuwar. Muddin tana nan yadda take, duk abin da muka manta ana iya komawa a ɗauko. Mutum ba ya tuna kayansa duka a rana ɗaya. Sai ƙarshen zangon karatu malami zai nemi takardar sakamakon bara, sai ƙarshen wata ɗan kasuwa zai nemi littafin bashi. Ni nakan ce a bar ta wata guda ba a taɓa ba, kuma a bar kwafi a diskin waje ko bayan nan. Ƙanen nasa ya yi haƙuri.

Idan lokacin ya yi, a wanke ta da gaske. Gogewar gaggawa sunaye kawai take sharewa, a tsohon diski mai juyawa yaro mai ɗan wayo zai dawo da hotunan iyalin mutum da manhajar kyauta. Ka yi amfani da zaɓin mai da na'ura sabuwa wanda ke share diski gaba ɗaya, ko da zai kwana yana yi. Kai kuma, abin da idonka ya faɗa kai a cikin kayan mutane amana ne. Ba ka buɗe hoto sai don gwaji, ba ka ɗaukar ko waƙa ɗaya, kuma kwafin da ya bi ta diskin shago a gaban mai shi za ka goge.

Gobe da safe ka kira malamin ka ba shi haƙuri, ka ce ya zo da na'urorin biyu da injin buga takardunsa. Ka fara da gyara masa allon haruffa, sannan salon rubutu, sannan ku zauna ku bi Bureau da D tare. Kada ka karɓi ko dala a kan wannan zuwan.