Adalci, raba daidai, da hannun da ba ya ɗaukar jinka

Wata malamar makaranta daga Jekadafari a Gombe ta aiko da tambaya: "Malam, ɗalibaina sun ce adalci shi ne a raba komai daidai-wa-daida. Haka ne?"

Malama, yaran sun kama gefe ɗaya, amma da saura. Kalmar daga Larabci muka aro ta, Hausa ta liƙa mata "-ci" kamar yadda ta yi wa zalunci da munafunci. Duk mai zuwa masallacin Juma'a yana jin asalinta a ƙarshen huɗuba, a aya ta 90 ta Suratun Nahli, inda Allah ya yi umarni da adalci da kyautatawa. A bakin Bahaushe kuwa, adali shi ne mai ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.

Wani lokaci haƙƙin nan ɗaya ne ga kowa. A kasuwar Tudun Hatsi, mudun da aka auna wa attajiri da shi za a auna wa gwauruwa mai marayu, in an tauye nata an zalunce ta. Wani lokaci kuma raba daidai shi ne zaluncin. Zakka tana da rukuni takwas na masu cin ta, an lissafa su a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Wanda ya bi unguwa gida-gida yana raba ta har da masu hali, ya raba daidai, amma ya ci haƙƙin miskini. Ke ma a ajinki, idan kika dawo da yaro mai raunin gani bencin gaba, ba son kai kika yi ba.

Hausa ta fi yawan kalmomi a ɓangaren rashin adalci, kuma na ga dalili: wanda aka taka shi ne ke neman sunan abin da ya same shi. Muna cewa kashin dankali, manya a kan ƙanana. Muna cewa 'yan mowa da 'yan bora, daga gidan mai mata fiye da ɗaya inda ake fifita ɗaki guda, har aka wayi gari ana faɗar haka a kan unguwar da ta samu famfo da kwalta da wadda aka manta da ita. Muna cewa shafaffu da mai. Duk waɗannan ba mutum ɗaya suke zargi ba, tsarin zama suke zargi. Shi ya sa maganar da aka sani daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, har yau take da nauyi a kunnen talaka.

Tambaya ta biyu daga wani matashi mai shago a kasuwar Wunti a Bauchi: "Tunda Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni ɗaya me zan iya gyarawa?"

Ɗan'uwa, wannan karin magana ana yawan juya mata baya. Jinka ita ce rufin ciyawa na ɗakin bukka. A ƙasa ake haɗa ta, a ɗaure tsaiko, a baibaye, sannan a kira maƙwabta su kama a ɗora bisa gini. Ka lura, kafin hannuwa su taru, akwai wanda ya yanko ciyawa, ya yi ɗaurin, ya fita ya yi sallama a ƙofar mutane. Karin maganar tana cewa ka kira gayya ne. Ba ta ce ka naɗe hannu ba, kuma yana min ciwo in ji ana kafa hujjar zaman banza da ita.

Garinku ma shaida ne. A 1943 Malam Sa'adu Zungur da wasu 'yan boko kaɗan, cikinsu da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda ke koyarwa a Midil ta Bauchi, suka riƙa zaman tattaunawa kan yadda En'e, hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, ke tafiyar da talakawa. Ba su da soja, ba su da dukiya, tambaya kawai suke yi a fili. Bayan shekara bakwai aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a 1950, kalmar sawaba ta shiga bakin talakan Arewa, kuma Malam Aminu ya jagoranci jam'iyyar daga baya.

Ba sai ka kafa jam'iyya ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya jera matakai uku ga wanda ya ga ɓarna: hannu, harshe, zuciya. Hannunka yana kan ma'auninka da ladan yaron shagonka, ka biya shi a kan lokaci, domin wanzami ne ba ya son jarfa, kuma mai danne na ƙasa da shi bakinsa ba ya kaifi in ya zo kukan na sama. Harshenka kuma yana aiki ranar da aka kira ka shaida a rikicin rumfa tsakanin mai ƙarfi da marar gata, ko ranar taron ƙungiyar 'yan kasuwa, in ka tashi ka nemi a karanta lissafin kuɗin da aka tara. Na farkon tambaya yakan sha harara, amma akwai masu irin tambayar a ransu da suke jiran wani ya fara buɗe baki.