In cire dish in koma kallo ta intanet?

Tambaya: Ni magidanci ne a Tudun Wada, Zariya. Kuɗin wata na dikoda ya fara yi mini nauyi, yara kuma sun matsa in sayo 'yar na'urar nan ta kallo da intanet. In kwance dish ɗin ne?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin kwance shi. Mu fara da lissafin data, domin nan ne mutane da yawa ke ƙonewa.

Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya yana cin kusan gigabait 1 a hoto na gama-gari, har zuwa 3 a hoto mai tsabta na HD. A ce iyalinka na kallon awa 3 kullum. A wata guda ka sha gigabait 90 ke nan, in kuwa HD ne ya kai 270. Je ka tambayi kuɗin wannan data a Sabon Gari, ka ɗora kuɗin rajistar manhajar, sannan ka auna da abin da kake biya yanzu. Dish kuwa ko kwana aka yi ana kallo, kuɗinsa bai ƙaru ba.

Sai ƙarfin sabis. HD na son megabit 5 a daƙiƙa, kuma ya tsaya daram. Sabis ɗin Samaru daban, na cikin lungunan birni daban. Kafin ka sayi komai, zauna a falonka bayan Isha'i, lokacin da kowa ke kan waya, ka kunna bidiyo na rabin awa. In da'irar nan ta yi ta juyawa, ka sami amsarka.

Ita na'urar, ko Fire TV Stick ce ko akwatin Android, ba tasha ba ce, ƙofa ce kawai. Leƙa bayan talabijin ɗinka: in akwai ramin da aka rubuta HDMI, za ta shiga. In talabijin ɗin mai manhajoji ce a ciki, ba ka ma buƙatarta. Ka guji masu cewa an buɗe dukkan tashoshi kyauta har abada. Irin waɗannan akwatunan na satar fasaha ne, kuma sukan mutu ba sallama.

Abin da nake ba magidanta shawara: in ƙwallon Ingila ce ta riƙe ka, zauna a DStv ko GOtv, ka sauko ƙaramin tsarin da ke nuna ƙwallon. In labarai ne, da wa'azi, da Arewa24, risibar tashoshin kyauta ta wadatar, ba kuɗin wata. Ka tuna da Hajiya ma, wadda ta haddace lambar tasharta a rimot. Dattijuwa ba ta son a sa ta neman manhaja. Matsalar dish ita ce damina: hadari na haɗuwa, hoto ya ɗauke.

Yaran kuma, fina-finan Hausa masu dogon zango suna nan a YouTube. Sayo musu na'urar, ka rage tsabtar hoton zuwa 480p, wato na gama-gari, ka sa lambar sirri, ka yanka musu datar wata. Ranar da ta ƙare, dish na nan a kan rufi.