Daga Gombe Zuwa Jidda, Kilomita Nawa Ne a Jirgin Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina zai tafi Umara. A tikitinsa na ga tafiya ta ci kusan awa bakwai, dawowa kuma awa uku kacal. Nisan ne ya bambanta ko kuskure aka yi? Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumussalam, Malam. Allah Ya kai Baba lafiya, Ya karɓi ibada. Babu kuskure a tikitin, agogo ne ya jawo haka. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane tikiti yana rubuta lokacin garin da jirgi ya tashi da na garin da ya sauka. Idan jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, ƙarfe 3 ne a Gombe amma ƙarfe 5 na asuba ne a Jidda, shi ya sa ka ga awa bakwai. A dawowa sai a cire awa biyun, biyar ta koma uku.

Nisan kuwa ɗaya ne. Daga filin jirgin Gombe da ke Lawanti zuwa Jidda a miƙe kimanin kilomita 3,270 ne, daga na Bauchi kuma kusan 3,370. Zuwa Madina daga Gombe ya ɗan haura 3,400. Jirgin fasinja yana gudun kusan kilomita 850 a awa, wato awa huɗu ke nan, sai a ƙara lokacin hawa sama da na saukowa, inda ba ya sakin gudu.

Sai dai jirgi ba kullum yake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. Ita ta ratsa Chadi da Sudan ne kafin ta tsallaka Bahar Maliya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage ke kauce wa sararin samaniyarta, zagayen kuwa na ƙara lokaci da mai. Iska ma tana da tata rawar, in ta turo jirgi ta baya ya isa da wuri, in ta tare shi ta gaba ya ɗan makara.

Abin da ya fi damun mu game da dattijo shi ne yada zango. Wanda ya bi ta Abuja da Adis Ababa zai yi kusan kilomita 5,300, ban da zaman jira a kowane fili. Ka duba tikitin sosai ka ga sau nawa zai sauya jirgi da tsawon jiran. Magungunansa da haraminsa su kasance a jakar hannu, kada a sa su cikin kayan awo, domin mai nufin Makka ta Jidda a sama yake wuce mikati. Ya tambayi malaminsa tun yana gida inda zai ɗaura niyya.