Amsa ga mai tambaya a kan sunan Gizo

Wallahi ƙanwata tambayarki ta taɓa ni. Kin ce kin sa wa wani mutum suna Gizo cikin labarin da kike rubutawa, aka ce miki sunan ƙwaro ne kuma abin yara ne, shi ne kike son sanin ma'anarsa da ko ya dace a rubutu. Kar ki canza shi don Allah.

Ni ma haka aka yi mini lokacin ina lakwal nan Maradi. Na rubuta ɗan wasan kwaikwayo, Gizo ɗan kasuwa ne mai tauye tiya yana rantsuwa, na cika kayye guda da hannuna. Mushen namu, wato malamin ajinmu, ko shafi biyu bai karanta ba, ya ɗaga kayyen sama gaban aji ya ce ku dubi wadda ta kawo mana gatanar tsoffin mata, aka yi ta dariya, ya ja jan bik tun daga sama har ƙasa sai da takardar ta yage. Kuma Bahaushe ne fa! Shi ma a gindin kakarsa ya ji gatanan gatananku. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, da baƙo ne da na ce bai sani ba. Na daɗe ban sake rubuta komai da Hausa ba, har yau in na tuna fuskarsa sai in ji zuciyata ta ɗaci.

To sunan dai daga gizo-gizo yake, shi wanga mai saƙa a kusurwar ɗaki, matarsa kuma Ƙoƙi daga ƙoƙi-ƙoƙi. Amma ki saurari yadda muke magana, in mutum ya hangi abin da babu shi sai ya ce idona ya yi mini gizo, ga bakan gizo da ake gani a sama ba a taɓawa, ga yanar gizo da muke ciki yanzu. Ni a ganina duk wanda ya ji sunan ya san za a ruɗe shi, kin ga tun kafin mutuminki ya buɗe baki mai karatu ya riga ya yi shirinsa. Shi ya sa ma ake rufe gatana da ba don Gizo ba da na yi ƙarya, a kansa ake ɗora ƙaryar duka.

Abin da zan roƙe ki, kar ki maida shi mugu tsantsa. Shi ne ya haɗa giwa da dorina jan igiya kowa yana zaton da ɗan Gizo yake ja, ranar yara tafa masa suke. Shi ne kuma hankaki suka ara wa gashi ya bi su ɓauren tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya ce duk 'ya'yan nasa ne, suka tsige gashinsu suka bar shi can. Wayon da kwaɗayin tare suke tafiya, in kin cire ɗaya ba Gizo ba ne. Ki ba shi tsamin bakinsa ma, kakata a Bagalam in tana kwaikwayon maganarsa har hawaye muke don dariya, Allah ya jiƙanta, yaran yanzu waya kawai, ba mai zama da su bayan isha'i.

Wanda ya ce ba adabi ba ne ki gaya masa tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyinmu a littafi, Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara su aka karantar a makarantun Najeriya, mutanen Gana kuma ba sa kunyar Ananse, wato Gizon gatanarsu. Ki nemi wata tsohuwa a unguwarku ki ɗauki muryarta a waya, kuma in kin gama babin farko ki turo mana nan, ni zan karanta har ƙarshe.