Tambaya da Amsa: Za a iya tsara manhajar lafiya da shawarar marasa lafiya daga nesa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni da abokaina muna haɗa manhajar waya da za ta riƙa tuna wa masu ciwon suga lokacin shan magani. Waɗanda muke so su gwada mana ita sun warwatsu, wasu ma a ƙauye, kuma ba mu da kuɗin tara su wuri guda. Jin ta bakinsu ta waya zai wadatar?

Amsa: Zai wadatar, ɗan'uwa. Sai dai "su gwada mana" ɗin nan da ka ce ya ɗan dame ni, don alama ce sai kun gama za ku neme su. Ku neme su tun kafin a rubuta komai.

A Amurka akwai Dana Lewis, mai ciwon suga nau'i na ɗaya. Damuwarta ita ce ƙarar na'urar auna suga ba ta iya tashinta daga barci. Daga ƙoƙarin gyara wannan, ita da Scott Leibrand suka kai ga OpenAPS a 2015, tsarin da ke haɗa na'urar awo da famfon insulin, wato na'urar da ke zuba maganin suga a jiki, kuma marasa lafiya daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da inganta shi ta intanet. Wanda bai taɓa kwana da ciwon ba, da wuya ya fara daga nan.

Amma ku kula da hanya. In kun ce Zoom, 'yan boko masu data kawai za ku ji. Ku kira da kanku, kada katin mutum ya ƙare, ku kuma karɓi saƙon murya. Kada ku tambayi Baba ko manhajar ta yi masa kyau; zai ce "madalla" don kara. Ku ce ya ba ku labarin jiya: ina ya ajiye maganin, yaushe ya sha, wayar tana hannun wa? A nan za ku ji cewa shi "bayan la'asar" ya sani, ba ƙarfe huɗu ba, kuma wayar Hajiya tana wajen jikanta. Ku tambayi yadda ake yi da azumi ma, tare da likitan da ke duba su.

Kada ku zuba su a zaure ɗaya na WhatsApp, kowa ya ga lambar kowa da ciwonsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, saboda haka ku nemi izininsu da Hausa, baki da baki, kafin ku naɗi murya.