Hukuncin ziyartar garuruwan Toskana da ake ɗanɗanon giya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Italiya. Abokan karatuna sun shirya tafiya zuwa tsofaffin garuruwan kan tudu na yankin Toskana, irin su San Jiminyano da Montalcino. A cikin shirin akwai shiga gonar inabi a ɗanɗana giya. Sun ce ba sai na haɗiye ba, kurɓa ake yi a tofar. Ya halatta in bi su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tafiyar daban, zaman ɗanɗanon daban.

Zuwa garuruwan halal ne. Allah Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kamar yadda ya zo a Suratul Ankabut aya ta 20. Ka je ka ga dogayen hasumiyoyin San Jiminyano, waɗanda 14 suka rage, da ganuwar Montalcino, ba laifi.

Ɗanɗanon kuwa haram ne, ko da za ka tofar. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida cewa ta yi a nisanci giya, kuma wanda ya sa ta a baki bai nisance ta ba. Giyar Brunello ta Montalcino tana ɗauke da sinadarin sa maye wajen kashi 14 cikin 100, ana juya ta a baki ana shaƙar ƙamshinta, dole wani abu ya bi yawu ya wuce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ga shi kuma najasa ce a mazhabobi huɗu.

Zama a wurin ba ka sha ba shi ma bai halatta ba, saboda hadisin Jabir da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Don haka tun wajen biyan kuɗi ka nemi a cire kuɗin ɗanɗanon daga kasonka. Idan suka shiga rumbun giyar, ka tsaya cikin gari ku haɗu daga baya. Kada ka saya wa kowa kwalba tsaraba, kada ka riƙe masa, domin mai ɗaukarta yana cikin mutum goma da aka la'anta a hadisin Anas. In shirin dunƙule yake, ba a raba kuɗin, ka bar shi ka hau motar haya daga birnin Siyena da ke yankin, ka ziyarci garuruwan da kanka.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne abinci. Naman da suke kira peposo cikin jar giya ake dafa shi, kuma dahuwa ba ta mayar da shi halal. Cinghiale aladen daji ne, finocchiona naman alade ce. Biskit ɗin cantucci ana kawo shi da vin santo, wadda giya ce mai zaƙi. Ka ci biskit ɗin, ka ce kada a kawo ta. Kafin ka yi oda ka ce "senza vino, senza maiale", wato ban da giya, ban da alade, ka kuma tambaya ko an zuba giya a miyar, don sau da yawa ba a rubutawa.

Khal ɗin inabi, wato ruwan tsamin da ake sa wa abinci (vinegar), wanda ya riga ya juye ya daina zama giya, halal ne. Man zaitun kuwa ana matse sabo a watannin Oktoba da Nuwamba, gonaki da dama suna ba baƙi su ɗanɗana shi da burodi, sai ka nemi wadda ba ta haɗa shi da giya a tebur ɗaya.

Allah ne Mafi sani.